Yaro ko baligi? Tarihin ma'aunin shekaru a shari'ar manyan laifuka a Nijar

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ce wani saurayi ɗan shekara 15 ko 16 ya soki mutum da wuƙa, ko an kama shi cikin ƴan fashi, maganar da ake ji a bakin jama'a guda ce: wanda ya iya aikin manya, a yi masa hukuncin manya. An ji wannan magana a Damagaram sa'ad da rikicin ƙungiyoyin samari da ake kira palais ya tsananta. An sake jin ta bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ran 6 ga Fabrairu 2015, lokacin da aka tarar da yara cikin mutanen da aka kama aka kai Yamai.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin sawun tambayar cikin tarihi. Za mu nuna cewa shari'ar Nijar ta gaji ma'auni uku na raba yaro da babba: ma'aunin jiki, wanda ya fito daga fiƙihun Malikiyya, ma'aunin hankali, wanda ya fito daga dokar Faransa ta farkon ƙarni na 19, da ma'aunin takarda, watau ranar haihuwa. Ma'aunan nan uku sun saɓa wa juna a wurare da dama, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: babu wanda ya ɗauki girman laifi a matsayin shaidar girman mai laifi. Daga ƙarshe za mu duba abin da ya faru a ƙasashen da suka gwada kawar da wannan ƙa'ida.

1. Ma'aunin jiki: fiƙihun Malikiyya

Kafin zuwan Nasara, a biranen da sarki yake da alƙali, kamar Damagaram da Agadas, littattafan Malikiyya ne madogarar shari'a, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil na ƙarni na 14. Ba ko'ina wannan shari'a ta kai ba, don a ƙauyuka da yawa al'adar dangi ce ke aiki. Amma ita ce ta bar mana ƙa'ida a rubuce, kuma har gobe ita almajiran zaure ke karantawa.

A wajen malaman Malikiyya, haddi da ƙisasi ba su hawa kan kowa sai mukallafi, watau baligi mai hankali. Ana sanin balaga da alamomin jiki: mafarki, haila, ciki, ko tsirowar gashin mara. In babu ko ɗaya, sai a koma ga shekaru, kuma zancen da ya fi shahara a mazhabar shi ne shekara 18. Shafi'iyya da Hambaliyya sun tsaya a 15.

Abin lura shi ne hukuncin yaron da bai balaga ba in ya yi kisa da gangan. Ba a kashe shi, komai munin abin da ya aikata. Gangancinsa ana ɗaukarsa kamar kuskure, sai diyya ta hau kan aƙilarsa, watau danginsa na wajen uba, su biya cikin shekara 3: raƙuma 100, ko dinari 1000 na zinariya, ko dirhami 12.000 na azurfa. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya kawo mas'alar babba da yaro da suka haɗu suka kashe mutum da gangan: babban ana yi masa ƙisasi, ɓangaren yaron kuwa rabin diyya ne. Gawa ɗaya ce, aikin ɗaya ne, amma hukunci biyu, domin masu aikin ba ɗaya suke ba. Yaron da ya yi wayo ana ladabtar da shi gwargwadon yadda alƙali ya gani, sai dai wannan tarbiyya ce, ba ta shiga babin haddi.

Wannan tsari yana da fuska biyu. Ta ɗaya, bai bar iyalan mamaci hannu rabbana ba: jini bai zuba a banza, an dai ɗauke nauyin daga kan yaron an aza wa waɗanda suka haife shi suka rene shi. Ta biyu, ma'aunin jiki yana saurin mai da yaro babba. Wanda ya balaga yana shekara 14 ya zama mukallafi daga ranar, ko da tsaransa da suka girme shi da shekara 2 suna nan a matsayin yara. Ke nan mafi yawan samarin da muke magana a kansu, a wannan ma'auni, manya ne.

2. Ma'aunin hankali: Faransa daga 1791 zuwa 1945

Ma'auni na biyu ya zo mana ta hannun Faransa, saboda haka dole mu dubi asalinsa a can. Kundin hukunta laifuka na 1791, da na Napoleon na 1810 da ya biyo bayansa, sun sa iyaka a shekara 16. Duk wanda bai kai haka ba, aya ta 66 ta kundin 1810 ta wajabta wa kotu ta yi tambaya guda kafin hukunci: shin ya aikata abin yana mai rarrabewa, ko kuwa babu rarrabewa? Kalmar Faransanci ita ce discernement, kuma tana kusa da abin da malamanmu ke kira tamyizi. In an ce ya rarrabe, aya ta 67 ta sassauta masa: maimakon kisa ko aikin wahala na rai da rai, sai tsaro na shekara 10 zuwa 20 a gidan horo. In an ce bai rarrabe ba, an sallame shi, amma kotu na iya mai da shi ga iyayensa ko ta tura shi gidan horo har ya cika shekara 20.

A nan ne tarihi ya nuna wani abin mamaki. Yaron da aka samu da laifin ƙaramar sata kan yi ƴan watanni ya fita, wanda aka sallama kuwa kan yi shekaru a tsare da sunan tarbiyya. Don irin waɗannan yara ne Frédéric-Auguste Demetz ya kafa gidan gona na horo a Mettray, kusa da birnin Tours, wanda ya karɓi yaran farko a 1840, sa'an nan dokar 5 ga Agusta 1850 ta baza irin wannan tsari a duk ƙasar. Da tafiya ta yi nisa, gidajen suka yi ƙaurin suna wajen duka da yunwa da aikin ƙarfi. A watan Agusta 1934 yara fiye da 50 suka tsere daga gidan horon tsibirin Belle-Île, hukuma ta sa ladan faran 20 a kan kowane yaro, mutanen gari da baƙi masu hutu suka bazama farautarsu. Jaridun Faransa suka ɗauki maganar, kuma daga nan tsarin bai sake miƙewa ba.

A halin da ake ciki dokar ma tana sauyawa. Dokar 12 ga Afrilu 1906 ta ɗaga iyakar tambayar rarrabewa zuwa shekara 18, sai dai ɗan 16 zuwa 18 da aka ce ya rarrabe, hukuncin manya ake yi masa cikakke. Dokar 22 ga Yuli 1912 ta fid da ƴan ƙasa da shekara 13 daga hannun kotunan laifi baki ɗaya, ta kuma kafa kotunan yara da samari. Sa'an nan dokar 2 ga Fabrairu 1945, ta gwamnatin riƙon ƙwarya ta Janar de Gaulle, ta kafa alƙalin yara, ta sa tarbiyya gaba da horo, ta kuma ajiye tsohuwar tambayar rarrabewa. Hujjar da aka bayar a lokacin ita ce ƙasar da yaƙi ya cinye ba ta da yaran da za ta yi asara. Duk da haka dokar ta bar ƙofa: ga ɗan 16 zuwa 18, kotu na iya janye sassaucin ƙuruciya in ta ba da dalili.

Dalilin ajiye tambayar ya cancanci a tsaya a kansa. Kusan kowane ɗan shekara 15 ya san kisa haramun ne. Saboda haka tambayar ba ta da wuyar amsawa da «i», kuma alƙali kan zaɓi amsar da za ta kai yaron inda shi yake so ya kai shi. Abin da tambayar ba ta aunawa shi ne iya kame kai cikin fushi, da iya ƙin bin abokai, da hangen abin da zai biyo baya. Hausawa sun ce yaro bai san wuta ba sai ta ƙone shi, alhali kuwa sunanta ya daɗe da sani.

3. Zamanin mulkin mallaka

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, Nijar ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta a 1922, amma sauye-sauyen da muka lissafa ba su biyo su nan da nan ba. Dokar 10 ga Nuwamba 1903 ta tsara shari'a a Afirka ta Yamma ta Faransa kashi biyu: kotunan Faransa ga Turawa da waɗanda aka daidaita da su, da kotunan ƴan ƙasa ga sauran jama'a, inda manyan laifuka ke zuwa gaban kotun da kumandan ke shugabanta. Ana bin al'ada, in dai ba ta saɓa wa abin da Faransa ke kira ƙa'idodin wayewarta ba. Ga kuma dokar indigénat, wadda ta ba kumandan ikon jefa mutum kaso ba tare da shari'a ba. Ko dokar 30 ga Nuwamba 1928, wadda ta kawo kotunan yara ƙasashen mallaka, Turawa da makamantansu aka yi wa ita tun farko.

Gidajen horon yara kuwa a Sanagal aka fara su. Masanin tarihi Ibrahima Thioub ya bi tarihinsu: na Thiès, a hannun ƴan mishan, daga 1888 zuwa 1903, na Bambey daga 1916 zuwa 1927, sa'an nan aka koma tsibirin Carabane. A Thiès an haɗa yaran da aya ta 66 ta sallama da ƴaƴan bayi da aka ƴanta, duk aka sa su noma. Ga yaron Tasawa ko na Birnin Ƙonni, waɗannan wurare suna da nisan dubban kilomita, saboda haka gidan kason manya shi ne abin da ke kusa.

Sai a 1946 aka soke indigénat, kuma dokar 30 ga Afrilu ta wannan shekara ta karɓe shari'ar laifuka daga kotunan ƴan ƙasa, dokar Faransa ta hau kan kowa. A farkon shekarun 1950 aka buɗe cibiyar tarbiyyar yara ta Dakwaro, a arewacin Maraɗi. Binciken Danièle Poitou kan laifukan yara a Nijar, wanda ya fito a 1978, ya dubi wannan zamani da abin da ya biyo baya. Darasin mulkin mallaka a taƙaice shi ne: iyakar shekaru ba ta kare yaro in babu alƙalin da zai duba ta, babu kuma wurin da za a kai shi.

4. Nijar bayan 1960: ma'aunin takarda

Kundin hukunta laifuka na Nijar ya fito ran 15 ga Yuli 1961. Ayoyinsa na 45 zuwa 47, kamar yadda suke bayan gyaran 2003, sun tanadi abu uku. Wanda bai kai shekara 13 ba, ba a kama shi da laifi. Wanda ke tsakanin 13 da 18, in bai rarrabe ba an sallame shi, a ɗauki matakin kariya ko tarbiyya. In ya rarrabe, hukuncin kisa ko ɗaurin rai da rai ya koma ɗaurin shekara 10 zuwa 30, ɗaurin shekara 10 zuwa 30 ya koma 2 zuwa ƙasa da 10, hukuncin ƙananan laifuka kuma a raba shi biyu. Mai karatu zai lura Nijar ta ɗauki iyakar 13 daga dokar 1912, iyakar 18 daga ta 1906, tambayar rarrabewa kuma daga kundin 1810, watau tambayar da Faransa ta ajiye shekara 16 kafin nan. Amma a wani wuri ta wuce Faransa: sassaucin ya game duk wanda bai kai 18 ba.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990. Aya ta 37 ta yarjejeniyar ta hana hukuncin kisa da ɗaurin rai da rai marar fita ga laifin da aka aikata kafin shekara 18, ta kuma nemi a raba yara da manya a wurin tsaro. Dokar 14 ga Mayu 1999 ta kafa alƙalin yara da kotunan yara, sa'an nan doka mai lamba 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ta maye gurbinta. A 2017 gwamnati ta sa hannu kan yarjejeniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta miƙa yaran da aka kama cikin ƙungiyoyi masu makamai ga hukumomin kare yara.

Sai dai duk wannan gini yana tsaye ne a kan takarda guda, ta haihuwa. Binciken ƙasa kan jama'a da lafiya na 2006 ya nuna kashi 32 cikin 100 kawai na yara ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajistar haihuwa. A na 2012 adadin ya kai kashi 64. Yaran da ba a rubuta ba a 2006 su ne suka cika shekara 15 zuwa 18 a farkon shekarun 2020. Inda babu takarda, ko inda takardar ta ce né vers, an haife shi wajajen shekara kaza, sai jandarma ko likita ya ƙiyasta shekaru da ido: tsawo, gemu, kaurin murya. Ta haka ma'aunin jiki yake dawowa ta bayan gida, ba tare da sharuɗɗan da malamai suka gindaya masa ba. Yaro mai jiki na iya zama babba a gaban kotu ba tare da an canja harafi ɗaya na doka ba.

5. Gwajin komawa baya: Amurka da Faransa

Tun da Nijar ba ta taɓa rubuta dokar mai da samari manya ba, hujja kan amfaninta sai an nemo ta inda aka gwada. Amurka ce ta kafa kotun yara ta farko, a Chicago a 1899, kuma ita ce ta fi kowa nisa wajen juya mata baya. A 1978, bayan wani ɗan shekara 15 ya kashe mutum 2 a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York, jihar ta yi dokar kai ƴan 13 zuwa 15 kotun manya kan wasu manyan laifuka. Binciken Simon Singer da David McDowall na 1988 bai ga dokar ta rage laifukan ba. Duk da haka, tsakanin 1992 da 1997 jihohi 45 suka sauƙaƙa hanyar kai yara kotun manya. A 1995 masanin siyasa John DiIulio ya yi hasashen zuwan wani ƙarni na samari marasa imani. Laifukan samari kuwa sun riga sun kai ƙololuwa a 1994, daga nan suka yi ta raguwa. A 2007 wani kwamitin masana da hukumar lafiya ta CDC ta kafa ya tattara binciken da aka yi, ya samu cewa yaran da aka kai tsarin manya sun fi takwarorinsu sake faɗawa hannun hukuma da kimanin kashi 34 cikin 100. Kotun ƙolin ƙasar ta hana kashe wanda ya yi laifi kafin shekara 18 a 2005, ta kuma hana a 2012 a wajabta masa ɗaurin rai da rai marar fita.

A Faransa ma an yi ta kai-komo. Dokokin 2007 sun rage sassauci ga ƴan 16 zuwa 18 masu maimaita laifi, dokar 2014 ta dawo da shi. A watan Yuni 2025 Majalisar kare tsarin mulki ta soke ayar wata sabuwar doka da ta nemi mai da sassaucin ya zama togaciya ga wasu daga cikinsu.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna kashi uku ne. Na farko, Malikiyya da dokar Faransa sun yi amfani da sikeli biyu, ɗaya na auna ɓarna, ɗaya na auna mai ɓarna. Mai cewa a hukunta yaro kamar babba saboda laifinsa babba ne yana aza nauyin sikelin farko a kan na biyu, kuma ƙasar da ta fi kowa gwada haka ba ta samu raguwar laifi ta wannan hanya ba.

Na biyu, sunan yaro a gaban doka ba kullum yake zama rahama ba. Mettray da Thiès da sunan tarbiyya aka gina su. Kotun yara tana bukatar lauya, da wa'adin tsaro sananne, da mai sa ido, kamar kowace kotu.

Na uku, kukan masu neman tsanani yana da tushe, don iyalan wanda aka kashe sukan ga sassauci kamar an raina jininsu. Magabata sun ba wannan kuka amsa ta wajen aƙila, kundin farar hula na 1804 kuma, wanda Nijar ta gada, ya aza wa iyaye biyan ɓarnar ƴaƴansu a aya ta 1384. A ganinmu, a nan ne ya kamata masu bincike su mai da hankali: yadda ake biyan diyya da sasanta dangi a aikace a Maraɗi, Damagaram da Tawa, da yadda kotuna ke tsai da shekarun wanda ba shi da takarda. Rijistocin kotuna da na gidajen kaso, da takardun kumandoji da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Yamai, suna jiran ɗaliban da za su buɗe su da waɗannan tambayoyi biyu.